Gwiwar Hagu a Glasgow

Likita ya ce in daina hawan bene,
bai ce kada in sauka ba.
Matakala ashirin da uku na ƙirga
zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin titi,
inda bango ke gumi kamar mai zazzaɓi,
ruwan saman Glasgow na ɗiga daga rigunan sanyi.

Don Morven na zo,
'yata, wadda in ta buge kujera a gida sai ta ba ta haƙuri.
Ga ta can da jita mai kaurin murya
rataye har cinya,
fuska tamau kamar mai karɓar bashi.

Mai ganga ya fara. Struan, wani siririn yaro,
da rana kifi yake sayarwa.
Ba ado, ba nuna gwaninta,
tas, tas, tas, tas,
kamar famfon da ya ƙi yin shiru da tsakar dare.
Sai Morven ta shigo ta ƙasa,
ba ta kunne ba, ta tafin ƙafa.
Sautin ya bi ƙwauri, ya zauna daram a ƙugu
kamar shi ke biyan haya.

Ƙaramar jitar kuwa ba ta san lallashi ba.
Sara take yi, gajere-gajere,
ta ciza ta saki,
ta bar rami tsakanin sara da sara,
a ramin nan ne mutum ke faɗawa.

Na san kiɗan nan.
Na san shi tun ina da suma,
shekarar da aka garƙame ma'aikatarmu ta bakin kogi,
na rataye gilashin walda a ƙusa ban koma ba.
Muka shiga ɗaki irin wannan da aljihu wayam,
muka yi ta tsalle kamar an zuba mana garwashi a takalmi.
Na ɗauka mun binne shi tare da tsofaffin faya-fayai.
Ashe yara sun tono shi,
sun kakkaɓe masa ƙasa, sun matse masa wando,
ya tashi ya fi da ƙafa.

Mawaƙin dogo ne, ba ya rerawa,
magana yake jefowa kamar mai karanta takardar sammaci:
kuɗin haya, rufin da ke yoyo,
motar ƙarshe da ta wuce shi yana ɗaga hannu.
Ko kalma ɗaya ta farin ciki babu.
To me ya sa ɗakin ke girgiza?
Baki na kai ƙara, ƙafa na shagali,
shekara arba'in ban warware wannan ba.

Na jingina da ginshiƙi na ce kallo kawai zan yi.
Gwiwar dama ta ji magana.
Ta hagu, mai ciwon, wadda ake shafa wa magani,
ita ta fara cin amana.
Sai kafaɗa. Sai wuya.
Wata yarinya mai koren gashi ta matsa ta ba ni fili
ba tare da ta kalle ni ba,
wannan ita ce karamcin da ya fi min kowanne.

Can na ga Morven ta karkata kafaɗa ɗaya,
ta cije leɓe,
sak yadda Ishbel ke yi in kiɗa ya kai mata.
Ba wanda ya koya mata. Tana goye uwar ta rasu.
Na rufe ido. Gangar ba ta tsaya ta yi min ta'aziyya ba,
na kuwa gode mata.

Da aka kunna fitilu, ƙasa na manne wa takalmi,
kunnuwana na ta ƙara kamar an saki sauro a ciki.
Matakala ashirin da uku suna jira na,
yanzu duk hawa ne.
Morven na bayana, rungume da akwatin sifika.
Ta ce, "Baba, na gan ka fa."
Na ce, "Ba ni ba ne."
Na tsaya a ta tara ina haki.
"Ki tambayi gwiwar."